Huji ko Yanka

Shafi na 34

Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya, ga shi nan na kawo. Masu yi wa Tajuddeen ruwan zagi a ƙasan shafin baya kuma, ku ɗan sassauta, ba ku ji ta bakinsa ba.

*

Tun da aka idar da la'asar Sadiya ta kasa zama wuri ɗaya. Ta baza yajin jego a faranti, ta kwashe, ta sake bazawa. Ta je ta ƙwanƙwasa gindin ƙatuwar tukunyar wankan da ta aro a maƙwabta, wai ko tana yoyo, alhali da safe ta cika ta da ruwa ta gani da idonta. Itacen da aka jibge a bakin rijiya ma bai tsira ba, sai da ta sauya masa wuri.

Hadari ya taso daga gabas ya tsaya cak a kan unguwar Sheshe, ya ƙi zuba, ya ƙi watsewa. Ba wuta, ba iska. Zufa sai bin bayanta take.

Duk wannan shiri na Shamsiyya ne, 'yarta mace tilo, wadda cikinta na fari ya shiga watan haihuwa. Amma hankalin Sadiya ba a kan tukunya yake ba. Yana kan jakar da ta tura can ƙarƙashin gado. Gobe da safe ƙaninta Tajuddeen zai zo ya ɗauke ta. Maigida kuwa ta ce masa Zariya za su, dubiyar wata gwaggonsu.

Sallamar mijin nata, Malam Ƙasimu, ta ji a soro, gabanta ya faɗi. Ba ya dawowa daga masallaci sai an yi magariba.

Ya shigo bai kalli yajin ba, bai kalli tukunyar ba. Ya cire hularsa ya ɗora a kan turmi.

"Sadiya."

"Na'am, Malam. Sannu da zuwa. In kawo ruwa?"

"A Zariya, jini ake kai wa marar lafiya in an je dubiya?"

Rariyar da ke hannunta ta suɓuce.

"Jini kamar yaya?"

"Yanzu a ƙofar masallaci Mikail mai walda ya tare ni. Ya ce Allah ya ba Hajiya lafiya, shi da abokansa sun je sun bayar da jinin da Tajuddeen ya roƙa, Allah ya sa a yi aikin gobe a sa'a." Ya dube ta. "A gaban mutane na ce amin. Aikin matata, daga bakin mai walda nake ji."

Ta sunkuya tana tattara yajin da ya zube. Barkono ya shigar mata hanci, ta hau atishawa, ta samu abin fakewa da hawayen da suka cika mata ido.

"Ba mun gama magana ba?" Muryarsa a ƙasa take, kuma hakan ya fi ba ta tsoro. "Ba a gabanki Dakta Asma'u ta ce sati mai zuwa za su yi miki tiyata a babban asibiti ba?"

"Yanka ni za su yi, Malam. Daga cibiya har ƙasa."

"To shi likitan da Tajuddeen zai kai ki wajensa me zai yi miki?"

"Huji ne kawai. 'Yan ƙananan ƙofofi, a zura na'ura, a gama. Ya ce ba zan daɗe a kwance ba."

"Na kira Tajuddeen da Asma'u," ya ce. "Suna hanya."

"Malam, don Allah kar ka..."

"Na riga na kira."

Tajuddeen ne ya fara isowa, yana huci, makullin mota a hannu. Tun daga bakin titi ya tako, don mota ba ta shiga lungunsu. Ko zama bai yi ba ya fara.

"Malam, ka yi haƙuri, laifina ne da ban sanar da kai ba. Yaya ce ta ce kar a tayar maka da hankali. Amma wallahi gata na yi mata. Duniya ta ci gaba! Wa yake yarda a farke masa ciki yanzu? Matata A'isha fa, bara aka cire mata ƙari da na'urar nan. Kai ma ka zo dubiya. Kafin sati ya zagayo tana kicin tana min tuwo."

"Zauna, Tajuddeen."

"Asibitin gwamnati kayan aiki ne ba su da shi, shi ya sa komai sai wuƙa. Don ɗan ƙarin mahaifa a tsaga mace kamar..."

"Ɗan me?" Malam Ƙasimu ya ɗago.

"Ƙari mana. Irin na A'isha."

Malam ya juya ya kalli matarsa. Sadiya ta kafa wa tukunyar wanka ido kamar yau ta fara ganinta.

A daidai nan Dakta Asma'u ta yi sallama. 'Yar ƙanwar Malam ce, likitar mata, a Goron Dutse take aure. Ita ta fara matsa wa Sadiya ta je a duba ta lokacin da jini ya riƙa zuwar mata ba a kan ƙa'ida ba, ita kuma ta karanta mata sakamakon. Daga wajen aiki take, ko gida ba ta biya ba. Ta durƙusa ta gaida kawunta, ta gaida Sadiya, sannan ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu, a waya ka ce huji. Wane huji?"

Tajuddeen ya karɓe. "Dakta, ke ma kin san gaskiya. Aikin na'ura ya fi. Ko ba haka ba?"

"Ga abubuwa da yawa ya fi," ta ce. "Ni ma ina yi. Yau da safe ma na yi wa wata."

"To kun ji!"

"Amma ba a kan ciwon Anti ba."

"Me ya raba nata da na A'isha?"

Asma'u ta buɗe baki, ta rufe. Ta dubi Sadiya.

"Anti, bai sani ba?"

Sadiya ta girgiza kai.

"Ba ni da ikon faɗa. Ciwonki ne. Ke za ki faɗa, ko ki ba ni izini."

Tajuddeen ya saki wata 'yar dariya marar daɗi. "Wai me ake ɓoye min? Ni na kai ta wajen likitan nan fa. Ni na zauna a waje ina jiranta ta fito."

"A waje," Malam ya maimaita.

Sadiya ta zauna a bakin rijiya. Ita ta goya Tajuddeen. Ita ta yi masa wanka, ta kai shi makarantar allo, bayan rasuwar Innarsu. Har yau da furfura ta fara fito masa a gemu, in ta kalle shi yaron nan take gani mai kuka a bakin ƙofa ranar da aka fita da gawa.

"Taju," ta ce a hankali. "Ba ƙari ba ne irin na matarka. Kansa ce. A bakin mahaifa."

Makullin motar ya faɗi ƙasa.

"Yaya, daina irin wannan wasan."

"An gano ta da wuri," Asma'u ta yi saurin cewa. "Ba ta bazu ba. Irin wadda ake cirewa a warke ce, da yardar Allah. Shi ya sa yadda za a cire ta ɗin yake da muhimmanci."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya dafa bango. "Kika bar ni ina yawo ina tara jini, ina wa mutane dariya, ina cewa ƙaramin aiki ne?"

"Da na faɗa maka, da ka kai ni?"

Ya sunkuya ya ɗauki makullinsa.

Asma'u ta jawo kujerar tsugunno ta zauna dab da Sadiya, ta kama hannunta mai yaji.

"Anti, shi likitan ya ga sakamakon?"

"Ya gani. Ya ce zai iya."

"Zai iya ɗin, ban musa ba. Ba hannunsa nake zargi ba. Ki saurare ni da kyau, kai ma Yaya Taju ka ji. Aikin nan ba mahaifa kaɗai ake ɗaukewa ba. Har bakinta, har naman da ke kewaye da ita, har kaluluwar da ke cikin ƙugu. Shekarun baya likitoci da yawa sun koma yin sa da huji, kowa na murna. Jini kaɗan ake zubarwa, ciwo kaɗan, a sallami mace da wuri. Duk abin da aka faɗa miki gaskiya ne."

"To ai shi ke nan," in ji Sadiya.

"Ba shi ke nan ba. Daga baya aka yi wani babban bincike a ƙasashe da dama. Aka raba mata masu irin ciwonki gida biyu, waɗannan huji, waɗannan yanka, aka yi ta bibiyarsu shekaru. A cikin mata ɗari da aka buɗe, waɗanda ciwon ya dawo musu ba su kai biyar ba. Na huji sun haura goma. Waɗanda suka rasu ma sun fi yawa a ɓangaren huji. Abin ya kai sai da aka dakatar da binciken bai kai ƙarshe ba, don kar a ci gaba da jefa mata a ciki."

Can nesa aka yi wata tsawa mai nauyi.

"Me ya kawo haka?" Malam ya tambaya.

"Har yanzu ba a gama tabbatarwa ba, Kawu. Wasu na zargin ƙarfen da ake sakawa ta ƙasa a riƙe mahaifar, wai yana murje wurin ciwon. Wasu na zargin iskar da ake hura cikin da ita, wai tana watsa ƙwayoyin. Ana ta muhawara a kan waɗanda nasu ɗan mitsitsi ne. Na Anti kuwa ya kai girman aduwa. Ni dai ko uwar da ta haife ni ce, buɗe ta zan sa a yi."

Sadiya ta zare hannunta.

"Kun gama?"

Ta miƙe. Ta je ta ɗaga murfin tukunyar wankan, ta mayar da ƙarfi har ya yi ƙara.

"Ku duk lissafi kuke. Ɗari, goma, biyar. Ni 'yata nake gani. Yarinyar nan ƙafafunta sun kumbura kamar turmi, jininta hawa yake, kullum sai ta kira ni ta ce Umma tsoro nake ji. Na ce mata ina nan. In aka farke ni sati mai zuwa, ranar da za ta haihu ina ina? Ina kwance da ɗinki, ko buta ba zan iya ɗagawa ba. Wa zai dafa mata ruwa? Wa zai gasa mata jiki? Wa zai dama mata kunun kanwa?"

"Anti..."

"Bari in gama, Asma'u! Ke ba ki sani ba, ba a haife ki ba. Shi Malam ya sani. Ina da cikin ɗana na fari Inna ta kwanta. Jini ya yi ta zuba, aka ce iska ce, aka ce sammu ne, aka yi ta hayaƙi har ta tafi. Na haihu ba uwa. Gidan dangi aka kai ni wanka. Ruwan da za a ba ni ko ɗumi bai gama yi ba, a ce in yi sauri itace na tsada. Da ɗanyen jiki nake wanke tsummokaran jariri, ga Taju rataye da zanina yana kukan yunwa. Mata na zuwa barka suna cewa wayyo marainiya." Ta nuna wajen murhu. "Da na dawo gidan nan, a bakin murhun can, na yi wa Allah alkawari in ya ba ni 'ya mace, ba wadda za ta zuba mata ruwan jego sai ni. Yanzu lokaci ya zo, ku ce in kwanta?"

Tajuddeen ya zame jikin bango ya tsuguna, ya rufe fuska da tafukansa.

Asma'u ta bari sai da numfashin Sadiya ya ɗan daidaita.

"Anti, akwai abin da ba a faɗa miki ba, ko an faɗa ba ki ji ba. Ko hujin aka yi, ba za ki ɗaga tukunyar nan ba. Ƙofar ce ƙarama, aikin da ke ciki babba ne. Da robar fitsari za a sallamo ki. Za ki riga mai yanka miƙewa, gaskiya ne, amma ba miƙewar wankan jego ba."

Sadiya ta juyo a hankali. "Ya ce zan tashi da wuri."

"Tashi daban, faskare da ɗibar ruwan zafi daban."

"To a bari sai ta yi arba'in. A yi min duk abin da za a yi bayan nan."

"Ba zan ce miki eh ba. Yanzu ciwon yana wuri ɗaya. Ban san inda zai kai ba in muka ba shi wata biyu, kuma ba na son mu gwada."

Sadiya ta dubi itacen, ta dubi yajin da ta kwana biyu tana dakawa, ta dubi ganyen darbejiyar da ta sa aka ajiye mata reshensa a inuwa. Ta ji kamar an kwashe ƙasar da take tsaye a kai.

Malam Ƙasimu ya taso. Shekarunsu talatin da wani abu tare, bai taɓa riƙe hannunta a gaban mutane ba. Yau ya riƙe.

"Sadiya, dube ni. Ke da kika yi jego ba uwa, me ya fi yi miki ciwo? Ruwan sanyin, ko rashin Innar?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Da a ce a lokacin tana kwance a ɗaki, ba ta iya ɗaga ko cokali, amma kina shiga ki ɗora mata jaririn a cinya, tana ce miki ki yi kaza, kar ki yi kaza. Da kin ƙi?"

"Da na fi kowa murna," ta ce, hawaye na sauka har haɓarta.

"To abin da Shamsiyya take so ke nan. Wannan haihuwar ta fari ce. Akwai ta biyu in Allah ya so, akwai yaye, akwai ranar da za a kai yaro makaranta. Ni ma..." ya ƙara damƙe hannunta. "Ni ma ban shirya ba, Sadiya."

Tajuddeen ya share fuska da hannun riga ya miƙe. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Yaya, motata ba za ta kai ki wajen nan ba gobe. Ko za ki tsine min, ba zan kai ki ba. Na yi rashin uwa sau ɗaya." Ya nuna tukunyar. "A'isha za ta tare a gidan nan har a yi arba'in. Ke kina kan katifa kina ba da umarni, ita tana yi. Itace ni zan faskara. In ruwan bai tafasa yadda kike so ba, ki sa a zubar a sake."

"A'isha ba ta iya kunun kanwa ba," Sadiya ta ce cikin kuka.

"Sai ki koya mata."

Wata guntuwar dariya ta ƙwace wa Asma'u, ta toshe baki.

Sadiya ta share hawaye da gefen zaninta. Iska ta fara kaɗawa, ta kwashi ƙurar yajin ta watsa musu, Malam ya hau tari.

"Tabon zai yi tsawo?" ta tambaya.

"Zai yi," in ji Asma'u. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Kwanakin farko za ki ji jiki."

"Za ki tsaya a kaina?"

"Ba ni zan riƙe wuƙar ba, ke tawa ce, hannuna ba zai yarda ba. Malamina ne zai yi. Amma ina tsaye a wajen kanki har ki farka."

Sadiya ta ja dogon numfashi.

"To. A buɗe ɗin."

"Alhamdulillahi," Malam ya ce, ya lalubi hularsa a kan turmi.

"Amma da sharaɗi." Ta ɗaga yatsa tana bin su da kallo. "Shamsiyya ba za ta ji ba. Ko da wasa. Ku ce mata Zariya na tafi, ku ce mata duk abin da kuka ga dama. Da hawan jinin nan nata, in ta ji kalmar kansa, ban san abin da zai..."

Wani abu ya faɗi a soro, ya tarwatse.

Duk suka juya.

Labulen soron ya motsa. Ruwan shayi ya gangaro ta ƙarƙashinsa, da fasassun kwalbar fulas. Sannan wata kumburarriyar ƙafa cikin silifas ta tako.

Shamsiyya ce. Hijabinta ya jiƙe da zufa, katin awo a hannu ɗaya, ɗaya hannun tallafe da ƙasan cikinta. Daga asibiti mijinta ya sauke ta a bakin lungu, don an ce jinin ya ƙara hawa, ta je inda za a kula da ita ta kwanta. Ba wanda ya san tun yaushe take tsaye a wurin.

"Umma," ta ce, muryarta siririya kamar ta ƙaramar yarinya. "Wa za a buɗe?"

"Shamsiyya, zo ki zauna, ba abin da kike..."

"Wa yake da kansa, Umma?"

Sadiya ta nufe ta da sauri, hannuwa a miƙe. Asma'u kuwa ba bakin yarinyar take kallo ba. Fuskarta take kallo, yadda ta kumbura, da yadda gefen leɓenta ya fara wani irin motsi. Ta yi wurgi da jakarta ta miƙe.

"Yaya Taju, mota! Jinin ne ya hau, jijjiga za ta fara! Kawo ta bakin lungu, yanzu!"

Shamsiyya ta saki katin, ta dafe goshi, tana ƙifta ido. Rana ba ta faɗi ba, tsakar gidan da haskenta. Uwarta na tsaye a gabanta, tazarar hannu ɗaya.

"Umma, kina ina?" ta ce tana lalube. "Me ya sa gari ya yi duhu? Ba na ganinki."